Ranar da na gyara abin da bai lalace ba

Ina shekara ta uku a shagon maigidana a Birnin Kebbi, aikinmu talabijin da rediyo da amfilifayar masallaci, sai wata rana wani makaɗin jita ya sauke mana akwatunan amfilifayar jita biyu daga bayan mota. Daga Gaya ta Nijar ya taso, ya biyo ta Kamba. Ɗaya nasa ne, ɗayan wani ke son sayar masa, duka na hannu. So yake a duba lafiyarsu, sannan ya san wanda zai riƙe don kiɗan biki.

Kai ka ce Hassan da Husaini ne. Duka ƙirar Fender, baƙar fuska, raga mai ruwan azurfa a gaba, babban Deluxe Reverb, ƙaramin Princeton Reverb. Tsarin shekarun 1960 ne aka sake ƙerawa. Bawul ne ke tafiyar da sautinsu, kwalaben nan na gilashi da ke yin ja kamar garwashi in sun ɗau zafi, kuma kowanne na da bawul mai lamba 6V6 guda biyu a ƙarshe. Don wutar Amurka aka yi su, bolt 120, sai da muka haɗa da taransifomar rage wuta. Kafin in ɗaga sukudireba maigida ya riƙe min hannu, ya ce kwandansan ciki, masu ajiye wuta, na iya riƙe bolt 400 da wani abu ko an zare filogi.

Ni dai tun daga takarda na yanke hukunci. Babban wat 22 ne da sifika inci 12, ƙaramin wajen wat 12 da inci 10. Na ce wa makaɗin, "Yaya, ai magana ta ƙare, ɗauki babban."

Maigida ya yi dariya. Ya ce ko ka ninka wat, abin da zai ƙaru desibel 3 ne kacal a ma'aunin ƙara, kunne zai ji amma ba ninki ba. Kuma kunne ɗan son kai ne, duk wanda ya fi ƙara shi zai ce ya fi daɗi. Don haka ya sa na daidaita ƙararsu, jita ɗaya, waya ɗaya, ya kuma juya min baya ga akwatunan.

A nan na fara ji. Babban muryarsa tas take, a buɗe, kaurin ƙasa tsaye da ƙafarsa, ka murɗa maɓallin ƙara har wajen lamba 5 bai fara gurnani sosai ba. Ƙaramin kuwa tun wajen 4 ya soma dusashewa, irin dushewar nan mai daɗi ta maroƙin da ya kwana yana aiki. In an shafi tsirkiya a hankali sautin ya fito wankakke, in an doke ta sai ya yi ƙaiƙayi. Maigida ya nuna min dalili a kan zane. Wurin da ake raba sauti gida biyu kafin ya shiga 6V6, ƙaramin rabin bawul kawai yake amfani da shi, babban kuwa bawul 12AT7 ce sukutum ke wannan aiki, ga taransifomarsa ta fi girma. Hatta rawar muryar da suke yi ba hanya ɗaya ba ce. Babban da ɗan ƙwan fitila mai ƙyaftawa yake yin tasa, shi ya sa take yankewa gutsi-gutsi, ƙaramin kuma wutar 6V6 ɗin yake lilo da ita, sai ta zo da laushi.

Da muka jona ƙaramin a sifikar babban, tunda duka om 8 ne, sai da na waiwaya don in tabbata. Da yawan bambancin da nake ɗora wa bawul ashe na sifika da akwati ne.

Kuskurena da yamma ya zo, bayan maigida ya tafi La'asar ya wuce gida. Na ɗora mita a ƙaramin, na ga duk lokacin da aka doki tsirkiya da ƙarfi wutar ciki sai ta ɗan faɗi, sannan ta miƙe. A amfilifayar masallaci wannan ciwo ne. Na zare bawul ɗin da ke daidaita wuta, 5AR4, na liƙa dayod, ƴar na'urar da ke yin aikinta ba tare da bawul ba, a madadinta. Mita ta tsaya cak, har wutar ta ƙaru. Na kwana ina jin kaina.

Da safe makaɗin ya saƙala jita, bai yi minti ɗaya ba ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya.

"Ƙanena, mi ka yi mashi? Jiya in na taɓa shi shina numfashi. Yau kamar ina dukan ƙofar ƙarfe."

Na kawo mita zan nuna masa, ko kallonta bai yi ba. Wannan 'yar faɗuwar wutar ita ce ke tausasa bakin bugu, sannan sautin ya kumburo daga baya, kuma a yatsa ake jinta kafin kunne. Ni da ban taɓa kaɗa jita ba, ina zan sani? Maigida bai yi min faɗa a gaban baƙo ba. Ya ce dai ƙarin wutar nan da ta gajarta ran 6V6, waɗanda kafin a samo wasu sai an yi aike an jira, sannan ya miƙo min na'urar narka dalma.

Na mayar da 5AR4 mazauninta. Makaɗin ya kaɗa kusan rabin awa, har masu faci na maƙwabta suka taru a ƙofa. Ƙaramin ya zaɓa. Na ce, "Yaya, filin biki fa? Ga ganguna, ga janareta." Ya ce makirfo zai sa masa a baki ya tura cikin manyan sifiku, kuma shi ke ɗaukar kayansa a kafaɗa in mota ta maƙale a yashi.

Babban ya ƙara kwana tara a shagon kafin mai shi ya aiko a ɗauka. Kullum in maigida ya fita sai in kunna shi da wata tsohuwar jita mai tsirkiya huɗu da aka manta a bayan kanta.