Ranar da Aka Ce In Zubar da Inabi

A ƙarshen watan Yuli dattijon mai gonar ya miƙo mini almakashi, ya ce in bi layi ina yanke nonon inabi ina yarwa. Ba ruɓaɓɓe ba, ba wanda tsutsa ta taɓa ba, lafiyayye kore shar da ya fara cika. Na tsaya ina kallonsa, ina zaton Italiyancina ne ya gaza. Ya karɓi almakashin, ƙas, ƙas, ƙas, nono uku suka faɗo kan takalminsa, ya mayar mini ya yi gaba abinsa.

Ni ɗan manomi ne, a gidanmu ko ƙwayar gero aka gani a ƙasa sai an tsince. Karatun kimiyyar ƙasar noma ne ya kai ni Turin a Italiya, daga can aka tura ni sanin makamar aiki a wata ƙaramar gonar gado a tuddan Langhe, kudu da garin Alba, a yankin Piemonte. Nan ne gidan Barolo, giyar da ƙauyuka 11 kaɗai doka ta yarda su saka wa wannan suna, kuma da inabi iri ɗaya tak, Nebbiolo.

Nebbiolo ɗan rigima ne. Yana cikin masu fara toho, amma shi ne ƙarshen nuna, sai Oktoba, lokacin da hazo ke kwanciya a kwarin kogin Tanaro (an ce daga kalmarsu ta hazo, nebbia, sunan ya fito). Kuringar da ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta ba za ta nunar da shi kafin sanyi ya shigo ba. Doka ta ce kada hekta ta wuce tan 8, dattijo kuwa ko kusa da nan ba ya bari ta kai. Sai da na yi kwana biyu ina wannan ɓarna da hannuna kafin na tuna da cirar gero: mu ma muna tuge wasu don na bari su yi kauri. Bambancin kawai, mu tun suna tsiro muke cirewa, ido bai riga ya ƙirga dami ba.

Inda na sha kunya shi ne wajen ƙasa, fannin da nake taƙama da shi. Na haƙa, na ɗiba, na kai ɗakin gwaji, na dawo da takarda ina shaida masa gangarensa ba shi da ƙarfi, farar ƙasa ta yi yawa, yana buƙatar taki. Ya duba takardar a juye, da gangan nake jin ya yi, ya ce, "Ragazzo (wato yaro), ganye kake so in sayar?" Kuringa in ta sami ƙasa mai maiƙo sai ta sangarce, ta yi ta reshe da ganye, ƴaƴan su zama ruwa-ruwa. Shi kuwa nasa gwajin na kakanni ne: a ƙarshen hunturu a tsaya a ga inda dusar ƙanƙara ta fara narkewa. Wannan gangare mai fuskantar kudu suna kiransa sorì, kuma na Nebbiolo ne ba gardama. Barbera da Dolcetto, wasu nau'o'in inabi da ke nuna da wuri, su ake ba wa ragowar. Ɓangaren arewa mai inuwa ko dokar Barolo ba ta yarda da shi ba, sai ka tarar an dasa itatuwan gyaɗar nan tasu ta hazelnut, irin wadda kamfanin Ferrero na Alba ya yi suna da ita a Nutella. Tudu ɗaya, amma taku ɗari kan raba ƙasar da ake sayarwa da tsadar zinariya da wadda ba a tayawa.

Tun ranar farko na gaya masa ba na sha. Ya sake tayi sau biyu, daga nan bai ƙara ba, sai ya ce to zan koya da haƙori. Da kaka ta gabato kullum da safe mukan tsinki ƴaƴa daga sama da ƙasan gona. Ni ina matsa ruwan a na'urar auna zaƙi, shi yana tauna ƙwallon ciki. In ƙwallon kore ne mai ɗaci, da saura. In ya koma ruwan ƙasa yana ƙaras-ƙaras, an kusa. Ɓawon kuma yana da bauri mai ɗaure harshe, wanda duk mai cin goro zai gane shi nan take, kuma wannan baurin ne ya sa ba a gaggawa da Barolo: wata 38 take zama kafin a sayar, 18 daga ciki a gangar katako. Sau da yawa na'urata ta ce a girbe, haƙorinsa ya ce a ƙara kwana huɗu. Kwanakin nan ba ya barcin kirki, ko yaushe idonsa na sama, don ruwan ƙanƙara na minti goma ya isa ya kwashe aikin shekara.

Na taɓa tambayarsa me ya sa suke bin ƙa'ida kamar ibada. Sai ya nuna mini wajen Narzole, ƙauyen da ke kusa, inda a 1986 aka gauraya giya mai araha da sinadarin metanol, mutum wajen ashirin suka mutu, wasu suka makance. A ganinsa tun daga lokacin ne masu gona da yawa suka daina tseren yawa. Abin da bai cika son a tayar ba shi ne masu girbin. Ƴan Masedoniya, ƴan Romaniya, ƴan Gambiya da Senegal, ta hannun ƴan kwangila suke zuwa, su yini a duƙe suna jan akwatunan roba a gangaren da ko tsayuwa wuya. Kwalba na jiran shekara uku cikin gata, wanda ya yanko ta kuwa mako uku an sallame shi.

Ana tsakar girbi Baba ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce, "Wai inabin nan naku, ci ake yi ko matsewa?" Na ce matsewa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ka dai san hadisin mutum goman nan da aka la'anta a kan giya." Na sani. Na daɗe ina lallashin kaina da cewa ni ƙasa na zo karanta, ko ɗakin gangunan ba na shiga, amma akwatin da na cika na san inda za shi. Na ƙarasa kwanakin da makaranta ta ɗiba mini, da dattijo ya ce in dawo baɗi na yi masa godiya na ce a'a.

Bayan na dawo gida na je Kudan, kusa da Zariya, inda ake noman inabin ci. Na ga kuringa ta yi kaya har waya na lanƙwasa, hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na ce wa mai gonar, "Alhaji, da za ka rage kashi ɗaya cikin huɗu, ƴaƴan za su fi girma da zaƙi." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, mu nan a kilo muke sayarwa." Da ƙyar ya bar mini layi ɗaya, na can ƙarshe kusa da shinge, ya kuma sa yaronsa ya bi ni da kwando yana tsince abin da na yar.