Burimamid, sinadarin da bai taɓa shiga kantin magani ba amma ya sauya maganin gyambon ciki

A nan Damagaram, da zarar mutum ya ce yana jin zafi a ƙasan ƙirji, sai a ce masa olsa ce. Kafin ya kai ga likita ya riga ya sha jiƙon kanwa, ya kurɓi nono, ya sayi ƙwaya a tire a Kasuwar Dole. Cikin ƙwayoyin da ake ba masu wannan ciwo akwai simetidin da famotidin, kuma dukansu sun bi hanyar da wani sinadarin bincike mai suna burimamid ya buɗe a shekarar 1972. Shi kansa ba a taɓa sayar da shi a matsayin magani ba. Amma wanda ya fahimci yadda aka yi shi, da yadda aka gwada shi, da inda ya gaza, zai gane dalilin da ya sa gyambon ciki ke warkewa da irin waɗannan ƙwayoyi sannan ya dawo bayan ƴan watanni.

Tumbin ɗan Adam yana fitar da ruwa kimanin lita 1.5 zuwa 2 a yini, kuma idan babu abinci a ciki tsaminsa kan kai 1 zuwa 2 a ma'aunin tsami na pH, wato tsami mai ƙarfi ƙwarai. Wasu ƙwayoyin halitta ne a bangon tumbi ke zubo asid ɗin, kuma ba sa yin haka sai sun samu saƙo. Saƙonnin uku ne: asetilkolin da ke zuwa ta jijiya idan mutum ya ga abinci ko ya ji ƙamshinsa, gastirin da ƙasan tumbi ke sakewa cikin jini idan abinci ya iso, da histamin da wasu ƙwayoyi na maƙwabtaka ke sakewa nan kusa. Kowane saƙo da makarɓinsa a jikin ƙwayar. Saƙon kamar mabuɗi ne, makarɓin kuma kwaɗo. Sinadarin da ke toshe makarɓi mabuɗi ne da ya shiga ramin amma bai juya ba, ya kuma hana na gaskiya shiga. Histamin ne ya fi muhimmanci cikin ukun, domin gastirin ma mafi yawan aikinsa ta hanyar sa a saki histamin yake yi. Shi ya sa idan aka toshe makarɓin histamin, ƙarfin sauran biyun ma yakan ragu.

An daɗe da sanin histamin na sa tumbi fitar da asid. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, magungunan ƙaiƙayi da atishawa irin su mepiramin suna hana histamin aiki a fata da hanci, amma ba sa taɓa asid ɗin tumbi ko kaɗan. James Black, wanda ya fara aiki a kamfanin Smith Kline & French a Ingila a 1964, ya ɗauka cewa lallai akwai makarɓi na biyu, wanda daga baya aka sa wa suna H2. Shi da abokan aikinsa, cikinsu har da Robin Ganellin da Graham Durant, suka yi ta sauya siffar histamin ɗin kansa. Sun haɗa sinadarai kusan 200 cikin shekara huɗu ba su dace ba. Na farko da ya nuna alama, guwanilhistamin, rabi-da-rabi yake aiki: yana toshewa kaɗan, yana kuma zuga makarɓin kaɗan.

A siffarsa, histamin zobe ne ɗaya mai suna imidazol, da gajeriyar jela mai kabon 2, da kai mai ɗauke da cajin lantarki. A burimamid an bar zoben yadda yake, aka tsawaita jelar zuwa kabon 4, aka maye gurbin kan da wani gungu marar caji mai suna tiyoyuriya. Rashin cajin nan ne ya sa yake kama makarɓin ba tare da ya kunna shi ba. Ya fi guwanilhistamin ƙarfi kusan ninki 100, kuma da shi aka tabbatar wa duniya a mujallar Nature a 1972 cewa makarɓin H2 gaskiya ne. Matsalarsa ita ce idan aka sha ta baki ƙarfinsa ba ya isa, sai an zuba shi ta jijiya. Mai gyambon ciki kuwa magani yake buƙata na makonni a gida.

Ina so in tsaya a kan yadda ake gwada irin wannan sinadari, domin ɗalibanmu na kiwon lafiya da masu sha'awar gwada tsirrai irin su sabara ko bagaruwa suna jin ana cewa abu kaza ya kare ɓera daga olsa, ba tare da an faɗa musu wane gwaji aka yi ba.

Gwajin farko ba a tumbi ake yin sa ba. Ana cire ɗakin sama na dama na zuciyar ɓeran Masar, a rataye shi cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki, ana hura masa iskar oksijin kashi 95 da kabon dayoksaid kashi 5. Naman zai ci gaba da bugawa da kansa, kuma histamin na ƙara saurin bugun ta makarɓin H2. Sai a riƙa ƙara histamin kaɗan-kaɗan ana rubuta bugun har ya kai ƙololuwa, a wanke, a zuba sinadarin da ake gwadawa, a ba shi lokaci ya zauna, a maimaita. Idan yanzu sai an zuba histamin mai yawa kafin a samu bugun da, amma a ƙarshe an kai ƙololuwar farko, to sinadarin yana gasa da histamin ne a kan makarɓi ɗaya, kuma yakan saki. Idan ƙololuwar ta faɗi, ya manne ne bai saki ba, ko kuma yana lalata naman. Ana yawan zuba propranolol, maganin da ke toshe makarɓin adrenalin, tun farko don kada adrenalin da ke cikin naman ya rikita sakamakon.

Daga nan sai ɓera mai rai. Tsohon gwajin da Harry Shay ya bayyana a 1945 har yanzu ana amfani da shi. Ana hana ɓeran abinci awa 24 zuwa 48, a bar masa ruwa, a keji mai ƙasan waya don kada ya ci kashinsa, domin idan ya ci tumbin ba zai zama wayam ba kuma lissafin asid ya lalace. A sa masa maganin barci, a buɗe ciki, a ɗaure mashigar da ke tsakanin tumbi da hanji da zare, a ɗinke. Asid zai taru ba mafita. Bayan awa 4 ana iya auna yawan ruwan da tsaminsa, ta hanyar ɗiga masa sodiyom haidiroksaid, sinadarin da ke kashe tsami, har ya daina tsami. Idan gyambo ake son gani, akan jira har kusan awa 19, a tsaga tumbin ta babban lanƙwasarsa, a ƙirga raunuka a auna girmansu. Kura-kurai uku ne suka fi yawa. Zaren ya haɗa da jijiyar jini, sai naman ya mutu saboda rashin jini a ɗauka asid ne ya ci shi. Ko a ɗura maganin ta baki bayan an ɗaure mashigar, alhali a hanji jiki ke tsotse shi, sai a ce bai yi aiki ba. Daidai shi ne a ba da shi minti 30 zuwa 60 kafin aikin, ko a zuba shi kai tsaye cikin hanji. Na uku, wanda ke ƙirga raunuka ya san ɓeran da aka ba magani, idonsa kuwa zai ga abin da ransa ke so. A kuma lura, gyambon wannan gwaji a sashen gaba na tumbin ɓera yake fitowa, sashen da ɗan Adam ba shi da irinsa.

Akwai wani gwajin da ake ɗura wa ɓera mililita 1 na tsantsar etanol, wato sinadarin barasa, a duba tumbin bayan awa 1. Raunin da ke fitowa a nan ba asid ke jawo shi ba. André Robert ya nuna a 1979 cewa ɗan ƙaramin adadin prostaglandin (wani sinadari da jiki ke yi da kansa), wanda bai kai ya rage asid ba, yana kare bangon tumbi daga wannan ƙuna, simetidin kuwa ba ya karewa. Saboda haka rage asid daban, ƙarfafa bango daban, kuma dole mai bincike ya faɗi wanne ya auna.

Bayan burimamid aka yi metiyamid. An sa sulfa a tsakiyar jelar, aka ƙara gungun metil a jikin zoben, don zoben ya fi zama cikin siffar da makarɓin ke ganewa. Ƙarfi ya ninka kusan sau 10, kuma yana aiki ta baki. An fara ba marasa lafiya a 1973, gyambonsu ya warke. Sai aka ga fararen ƙwayoyin jinin wasu daga cikinsu sun faɗi ƙasa ƙwarai, abin da ke barin mutum ba kariya daga cututtuka. Zargi ya faɗa kan tiyoyuriya, aka cire shi aka sa sayanoguwanidin, mai kama da shi a siffa da rashin caji. Wannan shi ne simetidin, wanda ya fito a Ingila a 1976 da sunan Tagamet, a Amurka a 1977. Kafin nan, yanke jijiyar tumbi ko cire wani ɓangarensa aiki ne na yau da kullum a asibitoci. Black ya samu kyautar Nobel a 1988. Burimamid kuwa ya ci gaba da zama a ɗakin bincike, har a 1983 masu bincike a Faransa suka yi amfani da shi wajen gano makarɓi na uku, H3, a ƙwaƙwalwa, inda ya fi kamawa ma fiye da H2. Wani ɗan gidan, lokstidin, ya manne wa makarɓin ba ya saki; asid ya ɗauke na dogon lokaci, jiki ya yi ta zubo gastirin, har ƙari ya fito a tumbin ɓeraye, aka dakatar da shi. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum sayen sinadarin bincike ta intanet ya sha.

To mene ne rabonmu a wannan? Simetidin miligiram 800 da dare, ko famotidin miligiram 40 da dare, na mako 4 zuwa 8, suna warkar da mafi yawan gyambon farkon hanji. Da dare ake so saboda asid ɗin dare histamin ne ya fi tuƙa shi. Amma jiki kan saba da su cikin mako ɗaya zuwa biyu na sha kullum, ƙarfinsu ya ragu, kuma omeprazol da danginsa, masu tsayar da famfon da ke zubo asid ɗin a bangon tumbi, sun fi su ƙarfi. Simetidin yana rage saurin da hanta ke narkar da wasu magunguna, sai su taru a jini: warfarin na tsinka jini, fenitoyin na farfaɗiya, tiyofilin na asma. Tsoho mai raunin ƙoda zai iya rikicewa idan ba a rage masa adadin ba. Ranitidin kuwa an janye shi daga kasuwa a Amurka da Turai a 2020, saboda wani gurɓataccen sinadari mai suna NDMA, wanda ake zargi da jawo kansa, yana ƙaruwa a cikinsa idan ya daɗe a ajiye ko ya sha zafi. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, tsohon ranitidin da ya yini a tire cikin rana ba abin saye ba ne.

Babban abin da nake so a riƙe shi ne, toshe makarɓi yana ba rauni sararin warkewa ne kawai, ba ya cire abin da ya haƙa shi. An ga haka tun farkon simetidin: mafi yawan waɗanda suka daina sha gyambonsu ya dawo cikin shekara guda. Dalilin ya fito daga Ostareliya, inda Barry Marshall da Robin Warren suka raino ƙwayar cutar Helicobacter pylori a 1982, aikin da ya ba su Nobel a 2005. Tana zaune ƙarƙashin majinar da ke rufe bangon tumbi, yawanci tun yarinta ake ɗaukarta, kuma a Afirka kusan mutum 7 cikin 10 suna ɗauke da ita, ko da yake mafi yawansu ba za su taɓa yin gyambo ba. Sanadi na biyu shi ne magungunan ciwon jiki: diklofenak, ibuprofen, aspirin. Suna hana jiki yin prostaglandin ɗin nan da ke kare bango. Manomi ko ɗan dako da ke haɗiye biyu-biyu kullum da safe ba komai a ciki, ko mai azumi da ke sha da sahur, shi na fi jin wa tsoro. Adadin simetidin ko famotidin na yau da kullum ba ya kare tumbi sosai daga waɗannan magunguna. Wanda dole ne ya sha su na dogon lokaci, likita kan haɗa masa da omeprazol. Yaji da shayin fada ba sa haƙa gyambo, sai dai su tayar da zafin wanda ke akwai. Sigari kuwa yana jinkirta warkewa. Kanwa tana kashe tsami na ɗan lokaci, ta cika ciki da iska, ta ɗora wa mai hawan jini gishiri. Nono yana sanyaya ciki da farko, daga baya ya sa tumbi ya ƙara zubo asid.

Ana gano ƙwayar cutar ta gwajin bayan gida, ko na numfashi, ko ta ɗan naman da aka tsinko lokacin leƙa tumbi da na'ura. Kafin gwaji a daina omeprazol mako 2, a kuma tabbatar an yi mako 4 ba a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, in ba haka ba gwajin zai ce babu alhali akwai. Ɗaya daga cikin haɗin da aka saba shi ne omeprazol miligiram 20, amoksisilin giram 1, da klaritromisin miligiram 500, kowanne sau biyu a yini, kwana 14. Likita ne zai zaɓi haɗin, domin a wurare da yawa ƙwayar ta daina jin klaritromisin, kuma wanda jikinsa ba ya karɓar penisilin ba a ba shi amoksisilin. Abin da ya fi lalata wannan magani shi ne tsayawa a kwana na 4 ko na 5 don zafi ya lafa. Bayan an gama da aƙalla mako 4 sai a sake gwaji.

Wanda kuwa ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin da danƙo, ko ya yi aman jini, ko yana ramewa ba dalili, ko abinci na maƙale masa, ko ciwo ya sare shi farat ɗaya ciki ya sandare, kada ya tsaya neman ƙwaya. A kai shi Babban Asibitin Damagaram ko asibiti mafi kusa nan take, kuma idan ciki ya sandare kada a ba shi ci ko sha a hanya, domin mai yiwuwa aikin tiyata ne ke jiransa.