Daga titin Clark zuwa gidan Frances Willard

Kwana uku na yi a Shikago ban san ko'ina ba sai ɗakin taro da masaukina. Ranar Asabar da aka watse, ɗan wana da ke karatu a can ya same ni ina haɗa kaya. "Baffa, ba za ka koma gida ka ce ka zo Shikago ba ka ga komai ba. Ɗauki rigar sanyinka." Watan Nuwamba ne, iskar da ke tasowa daga tafkin Mishigan kuwa ba ta san girma ba, har cikin ƙashi take shiga.

Inda ya fara kai ni ya ba ni haushi. Wani ɗan fili ne mai ciyawa da 'yan bishiyoyi a titin Clark, an kewaye shi da shingen ƙarfe, kusa da gidan da tsofaffi ke zama. Ba allo, ba rubutu. Na ce, "Kai, don wannan ka fito da ni cikin sanyi?" Ya ce a nan garejin da aka yi wani shahararren kisan 'yan daba yake. Ranar 14 ga Fabrairu 1929 aka jera mutum bakwai na ɓangaren Bugs Moran, wani shugaban 'yan daba, fuskarsu a bango, aka buɗe musu wuta. Biyu daga maharan kayan 'yan sanda ne a jikinsu, shi ya sa mutanen suka tsaya ba gardama, sun ɗauka kamen da aka saba ne, a ba da na goro a wuce. Kowa ya nuna Al Capone, babban ɗan daba abokin gabar Moran, da yatsa, amma shi a ranar yana Florida, kuma har yau ba wanda aka hukunta kan kisan. An rushe garejin a 1967, tubalan bangon kuma suna wani gidan tarihi a Las Vegas. Muna tsaye wata motar 'yan yawon buɗe ido ta rage gudu, mai yi musu bayani ya kafa malfa, suna ta dariya da ɗaukar hoton ciyawa.

Duk wannan jini a kan kasuwar giya aka zubar da shi. A cikin jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ke tafiya a bisa gadar ƙarfe yana leƙa tagogin mutane, yaron ya zayyana min yadda abin ya faro. A Janairu 1919 jihohi suka amince da gyara na 18 ga tsarin mulkin Amurka, wanda ya haramta giya, ya fara aiki ranar 17 ga Janairu 1920. Dokar Volstead, wadda ta fayyace yadda za a aiwatar da shi, ta ce duk abin shan da barasarsa ta haura rabin kashi ɗaya cikin ɗari ya haramta. Abin da ban taɓa sani ba shi ne, sarrafawa da sayarwa da jigila aka hana, ba a hana sha ba. Kuma an bar shekara guda cur tsakanin amincewa da fara aiki. Mai kuɗi ya cika ɗakin ƙasan gidansa da kwalabe, ya yi ta kurɓar abinsa bai karya doka ba. Likita na iya rubuta wa mutum wiski a matsayin magani, ya je kantin magani ya karɓa. Coci na da izinin ruwan inabin ibada. Daga Kanada kuwa, idan kogin Detroit ya daskare, motoci ke bi ta kan ƙanƙara da lodi.

Talaka shi ya sha dafi. Barasar da masana'antu ke amfani da ita ba a hana ta ba, sai gwamnati ta tilasta a riƙa zuba mata guba don kada a sha. 'Yan fasa-ƙwauri suka riƙa sato ta, su tace iya yinsu, su sayar. Wasu suka makance, wasu suka mutu. A 1930 wani gurɓataccen ruwan citta da ake sayarwa da sunan magani ya shanye ƙafafun dubban mutane. Nan na tuna da maganin tari mai kodin da gwamnatinmu ta hana a 2018, da abubuwan da yaranmu suka koma haɗawa bayan nan. Ban faɗa ba, amma ya ga fuskata ta canza.

Mun sauka a unguwar Uptown don in ga Green Mill, mashayar da ta ratsa zamanin haramcin tana aiki. Ana cewa akwai kujerar da Capone ke zama saboda daga ita yana hango ƙofofi biyu. Ni dai a bakin ƙofa na tsaya, ƙarƙashin koren fitilar sunan. Ya ce, "Baffa, leƙawa kawai." Na ce da furfurata ba za a gan ni a gidan giya ba, ko da sunan tarihi. Capone ɗin ma ba kisa ne ya kai shi kurkuku ba, ƙin biyan haraji ne, a 1931, shekara 11.

Daga nan muka canza jirgi a tashar Howard zuwa Evanston, kuma can ne tafiyar ta biya ni wahalata. Gari ne mai tsit da manyan bishiyoyi. Mabiya cocin Methodist ne suka kafa jami'ar Northwestern a wurin, kuma tun 1855 aka hana sayar da giya a mil huɗu kewaye da ita. Garin bai buɗe ƙofa ga giya ba sai 1972, kusan shekara 40 bayan sauran ƙasar.

Gidan Frances Willard na katako ne, mai tsinin rufi, a titin Chicago Avenue. Ita ta shugabanci ƙungiyar mata Kiristoci masu yaƙi da giya, WCTU, daga 1879 har rasuwarta a 1898. A ciki akwai teburin rubutunta da littattafai da wani keke da ta koyi hawa tana da shekara 53, har ta raɗa masa suna Gladys. Na daɗe a gaban keken nan. Kafin in zo na ɗauka masu haramcin wasu tsofaffi ne masu ɗaure fuska da ba sa son ganin kowa yana dariya. Ashe mata ne da suka gaji. Leburan masana'anta zai karɓi albashinsa na mako, ya zarce mashaya, ya dawo gida aljihu wayam, hannu kuma da sauri. Matar ba ta da ƙuri'a, rabuwa da miji kuma ba abu ne mai sauƙi ba. Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da maƙwabci ke dawowa a buge cikin dare ya san kukan da ake nufi. Wata daga cikinsu, Carrie Nation, haƙurinta ya ƙare, ta riƙa shiga mashaya a Kansas da ɗan gatari tana farfasa kwalabe. Ba banza ba haramcin giya da ƙuri'ar mata suka fara aiki a shekara guda, 1920.

Sai dai ba hawayen mata kaɗai ya kawo dokar ba. Harajin giya babban kaso ne na kuɗin gwamnatin tarayya, sai da aka shigo da harajin kuɗin shiga a 1913 aka iya tunanin rabuwa da shi. Yaƙin duniya na farko ya sa aka tsani Jamusawa, manyan kamfanonin giya kuwa nasu ne. Kuɗin ne kuma ya kashe dokar. Da tattalin arziki ya rushe a 1929, gwamnati ta waiwayi harajin da ta bar wa su Capone. Shugaba Roosevelt ya halatta giya mara ƙarfi a Maris 1933, ranar 5 ga Disamba jihar Utah ta cika adadin da ake buƙata, gyara na 21 ya soke na 18. Mississippi ta riƙe nata haramcin har 1966.

Na ce wa yaron a yi adalci: shan ya ragu, mutuwa daga ciwon hanta ma ta ragu, wannan ba a cika faɗa wa masu hoton ciyawa ba. Ya ce, "Haka ne, Baffa, amma a Madina da aya ta sauka mutane da kansu suka tuntsurar da tulunansu, ba wanda ya tura musu ɗan sanda." Na ce ai ita ma ba rana ɗaya ta sauka ba, daki-daki aka bi da su. Muka yi shiru, don la'asar ta kusa ƙwace mana, ga yunwa, ga shi ya yi min alkawarin shinkafa da naman halal a titin Devon.

Kafin mu hau jirgi ya ce saura abu ɗaya. Muka gangara kudu a wannan titi na gidanta, ya shige wani lungu, ya nuna min ƙofar wani ƙaramin kamfanin wiski da aka buɗe a 2011. Sunansa FEW. Ya ce in tuna sunan matar, Frances Elizabeth Willard, in ɗauki harafin farko na kowanne.