Mako na uku da sabuwar sintesaiza: maɓallan da ke rawa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Yau kwana 20 da na ɗauko sintesaizata, wato na'urar kiɗa mai haɗa sauti da lantarki, daga wani shago a nan Jidda, bayan wata bakwai ina tara riyal. Na yi alkawarin zan riƙa faɗa muku inda na kai, to ga shi.

Wajen sauti dai alhamdulillahi. Na fara gane aikin filta, wato ɓangaren da ke tace sauti. Shekaranjiya na zaɓi sautin nan mai haƙoran zarto, na rufe filta kaɗan, na ɗaga rezonans, wanda ke ƙara wa sautin kaifi, sai ga wani amo mai kama da algaita yana fita. Na daɗe ina danna shi, don ya kai ni hawan sallah a Kano.

Amma a nan ne raina ya ɓaci. Maɓallin murɗawa na filtar, wanda hannu bai rabuwa da shi, rawa yake kamar haƙorin da zai faɗi. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, na tarar har da shi huɗu ne haka. Kayan da ko wata bai yi ba! Har na ɗauko gam zan liƙe, Allah ya sa na fasa, na kai wa wani dattijo Basudane mai gyaran fiyano a unguwar Balad. Ya ce, "Ɗana, ba kowace rawa ce ciwo ba, zauna in nuna maka."

Ya ja hular robar maɓalli ɗaya a hankali, ta fita. Ashe a ƙarƙashinta sanda ce 'yar siririya, kaurinta milimita 6, an shafe mata gefe ɗaya kamar harafin D. Idan hular ce ta yi wa sandar yawa, matsalar ƙarama ce: ka naɗa ɗan salataf siriri a sandar ka mayar, ko ka sayi wata hular. Biyu daga cikin nawa haka suke, kuma nan take suka zauna daram. Da na zuba gam, da ya gangara ciki ya kashe abin baki ɗaya.

Na ukun, sandar ce da kanta ke motsi. Ya bayyana mini cewa a na'urori masu sauƙin kuɗi, da dalma kawai ake liƙa gindin maɓallin a kan allon lantarki, ba a ɗaure shi da noti a jikin murfin ba. Don haka ko sabo fil zai ɗan yi lilo. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi. Ni dai ban ji daɗin wannan ba, domin duk lokacin da ka tura shi gefe, dalmar ce ke ɗaukar nauyin, kuma wata rana za ta tsage. Noti nawa yake da za a hana mu shi? Tun daga ranar na koya wa hannuna murɗawa da yatsu biyu daga sama, ba turawa da babban yatsa ba.

Na filtar kuwa ciwo ne na gaske, kuma ga yadda za ku gane naku. Ku haɗa na'urar da kwamfuta ta USB, ku buɗe manhajar da ke nuna saƙon MIDI, wato saƙon da na'urar kiɗa ke aika wa kwamfuta. Lambar da maɓallin ke aikawa tana tafiya daga 0 zuwa 127. Ku murɗa sannu sannu. Mai lafiya zai hau bi da bi. Nawa yana kai 60 sai ya yi tsalle zuwa 74, wani lokaci ma yana motsi ban taɓa shi ba. Dattijon ya ce zai iya canza shi, amma ya hana ni barin kowa ya kwance ko sukuru ɗaya, tunda takardar shagon ta ba ni garanti na shekara 2, buɗewa kuma zai iya soke shi.

Na kuma fara rufe ta da mayafi in na gama, saboda ƙura da danshin Bahar Maliya ba sa barin irin waɗannan kaya.

Na ɗauki bidiyon lambar tana tsalle, na ajiye fatura, wato rasidin saye, a cikin kwalin. Ranar Asabar bayan la'asar zan mayar da ita shagon. Kafin nan na rubuta saitin algaitar a takarda, don in sun ba ni wata in fara daga inda na tsaya.