Na canja salansar motata: abin da ya ƙaru da abin da bai ƙaru ba

Motata mai silinda huɗu ce, lita 2, ba ta da turbo, wato farfelar da hayaki ke juyawa don cusa wa inji ƙarin iska. Da tsatsa ta cinye tsohuwar salansarta har hayaki ya fara huci ta ƙasa, sai na ce tunda canji ya zama dole, bari in saka irin wadda ake cewa tana buɗe wa inji numfashi. Na sayi saiti guda, tun daga bayan matatar hayaki (tukunyar da ke rage gubar hayaki) har wutsiya, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Na so mai faɗin inci 3, bakanikena ya girgiza kai. "Maigida, wannan bututun ba na injinka ba ne. Ɗauki inci 2 da kwata." Na bi maganarsa.

Ranar farko kunne ya ce min mota ta zama wata daban. Da na taɓa totur sai ta amsa da gurnani mai kauri. Amma da na hau tudun da na saba hawa ina duba agogo, bambancin bai taka kara ya karya ba. Can sama, in juyin inji ya haura 5,000 a minti, takan ɗan saki jiki fiye da da. A ƙasa kuwa, inda ake yawancin tuƙi, tana nan yadda na san ta.

Dalilin yana cikin yadda hayaki ke fita. Ba kwarara yake yi a miƙe ba, dunƙule-dunƙule yake fitowa duk sanda bawul ya buɗe. Kowane dunƙule in ya wuce da gudu yakan bar gurbi a bayansa, gurbin nan ya taimaka wajen zuƙo hayaƙin da ke biye. Galibin wannan aiki a bututan da ke manne da kan inji ake yin sa, shi ya sa canja ɓangaren baya kaɗai ba ya kawo wani ƙarfin doki na a zo a gani. In kuma bututu ya yi wa inji yawa, hayaƙin sai ya rage gudu, kamar tiyon ruwa da aka ɗage yatsa daga bakinsa. Mota mai turbo ita ce ta fi cin moriya, don bambancin matsi tsakanin gaba da bayan farfelar shi ke juya ta. Ita ma sai an daidaita kwamfutarta ake samun ribar sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne gunjin doguwar hanya. Inji mai silinda huɗu yana bugawa sau biyu a kowane juyi, wato a juyi 3,000 yana sakin dunƙule 100 a daƙiƙa ɗaya. Irin wannan sauti mai zurfi, in ya dace da girman cikin mota, sai ya cika ta. Madubin tsakiya ya riƙa karkarwa har ba na tantance motar da ke bayana, wanda ke kusa da ni sai ya ɗaga murya kafin in ji shi, in na sauka kai na sarawa. Ƙarin desibel 10 kawai, a ma'aunin ƙarfin sauti, kunne na jin sa kamar an ninka ƙara. Maganin da ya yi min aiki shi ne rizoneta, 'yar ƙaramar tukunyar da mai walda ya dasa a tsakiyar bututu. Ta kashe gunjin, ta bar muryar mai daɗi.

An ba ni shawarar in cire matatar hayaki gaba ɗaya, na ƙi, kuma ba na son kowa ya yi. A cikinta akwai ƙarafan filatinum da faladiyum da rodiyum, su ke mayar da iskar kabon monoksaid mai kisa da sauran guba zuwa abin da ya fi sauƙin illa. In aka cire ta, sensar da ke bayanta za ta kunna fitilar gargaɗin inji, mutanen da ke bin motarka su shaƙi gubar, ga shi ƙasashe da dama sun haramta hakan.

Da sassafe ma sai da na koyi lura. Inji mai sanyi yakan tashi da juyi sama don ya ɗumama matatar, a lokacin ne sabuwar salansa ta fi tsawa, maƙwabta kuma suna barci. Yanzu ba na taka totur in na tayar, kuma ba na barin ta tana ruri a tsaye.

Bayan an ɗan yi tafiya da ita, a koma a sake ɗaure kusoshin mahaɗa, don zafi da sanyi na sassauta su. In ka leƙa ƙasa ka ga baƙin toka ya zagaye wata mahaɗa, hayaki na tsiyaya ta nan, kuma yana iya shigowa cikin mota.