Taƙaita Binciken Zazzaɓin Lassa da Kwamfuta: Abin da Na Gani a Bauchi

Lokacin da nake karatun digiri na biyu a fannin kwamfuta a Bauchi, na zaɓi in gwada ko na'ura za ta iya taƙaita maƙalun binciken likitanci kan zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma jiharmu ta Bauchi na cikin waɗanda take addaba duk rani. Likitocin da ke jinyar masu ita ba su da sararin karanta doguwar maƙala bayan doguwar maƙala, alhali rumbun PubMed na Amurka kaɗai ya haura maƙala miliyan 30.

Hanyoyi biyu na bi. Ta farko, TextRank, tana zaƙulo jimlolin da suka fi alaƙa da sauran jimlolin maƙalar, ta jera su kamar yadda marubucin ya rubuta. Ta biyu manhaja ce da aka horar da rubuce-rubucen likitanci, wadda ke sake tsara bayanin da kalmominta. Taƙaitawar ta biyun ta fi daɗin karatu nesa ba kusa ba, kuma ita ce ta fi samun maki a ma'aunin ROUGE, wanda ke ƙirga kalmomin da suka zo ɗaya tsakanin aikin na'ura da na mutum.

Sai da wata likita ta zauna da jan biro tana duba sakamakon, sannan matsalar ta fito fili. Tun binciken da aka wallafa a 1986 kan majinyata a Saliyo ake ba masu Lassa maganin ribavirin, amma masu nazari daga baya sun nuna cewa hujjar ba ta da ƙarfi sosai, saboda yadda aka zaɓi majinyatan da aka kwatanta. Manhajar ta taƙaita ɗaya daga cikin irin waɗannan nazarce-nazarce da cewa maganin yana rage mace-mace, ta watsar da duk shakkun marubutan. Likitar ta ja layi, ta ce, "Malam, takardar nan ba haka ta faɗa ba." A wani wurin kuma an gwada magani a kan birai, taƙaitawar ba ta ambaci birai ba ko kaɗan. ROUGE bai rage mata maki ba, tunda kusan duk kalmomin suna cikin taƙaitawar mutum da aka kwatanta ta da ita, kuma a ganina wannan babban aibi ne ga ma'aunin da ake dogaro da shi a fagen da ya shafi rai.

Daga nan na sauya tsarin: kowace jimla dole ta nuna sakin layin da aka ciro ta, kuma taƙaitawar ba ta fita sai ta faɗi adadin majinyata, da irin binciken, da ko a kan mutum aka yi ko dabba. Rubutun ya yi nauyi, makin ROUGE ya ɗan sauka. Likitar tana amfani da shi wajen tantance maƙalun da za ta karanta gaba ɗaya, amma awon magani daga ainihin takardar take ɗauka.