Dala da sefa

Makon jiya na ga abin da ake kira gwaninta a aikin rubuta manhaja.

Na haɗa wa wani Alhaji mai shago a Kasuwar Dole ta Damagaram 'yar manhajar lissafi da Python, wani yaren rubuta manhaja. Kwana uku lissafi ya ƙi daidaita, kuɗin aljihun tebur sun fi na kwamfuta nesa ba kusa ba. Na bi rubutun manhajar layi-layi har idona ya yi ja, ban ga kuskure ba.

Sai na je unguwar Birni na ɗauko malamin da ya koya mini aikin. Ko kwamfutar bai taɓa ba. Ya zauna kan benci da kofin shayi, ya zuba wa yaron shago ido. Wata ta sayi sukari, yaro ya ce "ɗari", ta miƙa 500, shi kuwa ya danna 100.

"Ka gani ko? Mutanenmu da dala suke ƙirga, kai ka rubuta da sefa. Dala ɗaya sefa 5 ce."

Na ce, "Malam, Allah ya ƙara basira."

Abin ya tsaya mini a rai wallahi, don ni ma nan Damagaram aka haife ni, haka nake ciniki kullum. Da dare na ƙara wurin shigar da dala. Washegari Alhaji ya rufe shago, lissafi cif.